Tafkin Manaja da Ƙafafun Baba

Shekara ashirin da biyu ke nan ina aikin famfo, kuma mu masu famfo ta ƙofar baya ake shigar da mu gida, shi ya sa muke ganin abin da baƙon falo ba ya gani. Na ga da yawa na haɗiye. Wannan ne dai ya tsaya min a maƙogwaro ya ƙi wucewa, don haka zan faɗe shi kowa ya ji, duk da cewa ni ma da nawa kason laifin a ciki.

Wani mutum ne da kowa ke kira Manaja ya neme mu, ni da Dogo magini, abokin aikina na shekaru. Tafkin wanka yake so a yi masa a filin da ke bayan gidansa, irin wanda ake gani a manyan otal. Ranar da muka je awo, shi da matarsa Hajiya suka fito da mu ta ƙofar kicin. Fili ne madaidaici, katanga ta kewaye shi, da bishiyar mangwaro guda a hannun dama. A kusurwar hagu ta can ƙarshe akwai wani ƙaramin ɗaki mai rufin kwano, banɗakinsa kuma yana ɗaya kusurwar.

Muna cikin jan tef sai ga wani tsoho ya fito daga ɗakin, siriri mai faɗin kafaɗa. Bai riƙe sanda ba. Hannun hagu ya ɗora a jikin katanga ya kama tafiya, taku ɗai-ɗai amma da ƙarfinsa. Sai a lokacin na lura da wani baƙin layi a jikin katangar, daidai tsayin ƙirji, ya zagaye filin kaf, ashe sawun tafin hannunsa ne na shekara da shekaru. Da ya ji muryoyi ya tsaya ya yi mana sannu, ya tambayi su wane ne. Manaja ya ce masa ma'aikata ne, sannan ya juyo ya gaya mana a gajarce cewa mahaifinsa ne, idonsa ya tafi, mu ci gaba da abin da muke yi.

Aikin tafki, kafin a sa diga a ƙasa, shawara ce a kan shawara: ina za a haƙa, zurfinsa nawa, ina injin zai zauna, ina ruwan da aka zubar zai bi. Dogo ya ce a yi shi a tsakiyar fili, a bar hanya mai faɗi ta kowane gefe. Hajiya ta ce ina, ba zai yiwu ba. Ba ta son shi kusa da mangwaro, saboda ganye zai riƙa zuba a ruwa, jijiya kuma ta fasa kankare, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba. Sannan tana son fili tsakanin falo da ruwa, inda za a jera kujeru da lema. Da aka matsa da shi daga bishiya, aka kuma matsa da shi daga falo, sai tafki ya je ya kwanta a gindin katangar baya, daga bakin ƙofar tsohon har kusa da banɗakinsa. Abin da ya rage tsakanin ruwa da katanga bai fi taku ɗaya da rabi ba.

Dogo ya sosa ƙeya ya ce, to Baba fa, ta ina zai riƙa bi? Manaja yana danna waya ya ce za a san yadda za a yi.

Sai nawa. Aka tambaye ni wane ɓangare ne zai zama mai zurfi, na duba na ga tsohuwar kwata ta bayan ɗakin Baba ta bi ta fita, na ce a yi zurfin ta nan, ɗakin inji ma a manna shi da bangon ɗakin, bututu zai fi gajarta, aiki ya fi sauƙi. Wallahi a lokacin ban ga mutum a cikin lissafina ba, bututu kawai na gani. Manaja ya ce madalla, shi ya sa yake son aiki da ƙwararru.

Da rana muna hutawa a gindin mangwaro, Baba ya lallaɓo ya zauna a cikinmu. Mutum ne mai raha, nan da nan ya sa wa Dogo suna Falwaya don ya ji muryarsa daga sama take saukowa. Ya ce direban babbar mota ne shi a da, ciwon suga ne ya cinye masa ido. Likita ya gaya masa in yana son ƙafafunsa kada ya yarda su zauna, don haka zagaye ashirin yake yi da safe, ashirin da yamma, ko ana ruwa ko ana rana.

"Ido ya riga ya tafi, ɗan nan," ya ce da ni, yana bubbuga gwiwarsa. "Waɗannan su suka rage min. Mota in ta daɗe a ajiye, tayoyi ne ke fara mutuwa."

Ya tambaye mu wane irin kududdufi ne yaron nasa ke son haƙawa, muka yi masa bayani, ya yi dariya ya ce Allah ya sanya alheri, shi dai a bar masa katangarsa.

Katafila ba ta da hanyar shiga, saboda haka leburori ne suka haƙa da hannu, ƙasar kuma babu inda za a zuba ta sai jikin katanga kafin tifa ta zo. Kwana uku da farawa, zagayen Baba ya mutu. Ya fito da safe kamar kullum, taku shida ya yi ya ci karo da tulin ƙasa, ya tsaya yana lalube da ƙafa, ya koma. Dogo ya ga abin bai yi masa daɗi ba, ya share masa siririyar hanya zuwa banɗaki, ya kafa turaku ya ɗaura igiya. Baba ya koyi bin igiya cikin yini guda. Da ya ga ba zagaye, sai ya mayar da wannan hanyar wurin motsa jikinsa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana ƙirgawa a hankali, leburori na yi masa kirari.

Haka aka yi mako biyu. Ranar da aka kawo rodi, masu saukewa suka kwance igiyar don ta tare musu hanya, ba wanda ya mayar, ba wanda ya gaya masa. Washegari da sassafe, kafin mu iso, Baba ya fito ya miƙa hannu bai ji igiya ba, ya ƙara taku ɗaya yana nema, gefen ramin ya zabtare da shi. Allah ya taƙaita, tulin yashi ya faɗa wa, amma bakin rodi ya yage masa ƙwauri. Maigadi ne ya ji kiransa ya fito da shi.

Na ɗauka ranar za a tsaya a yi maganar gaskiya. Ina! Manaja ya dawo daga ofis ya sauke wa maigadi kwandon masifa, ya zagi masu rodi da ba sa nan, sannan ya shiga ya yi wa mahaifinsa faɗa a tausashe, wai me ya fito da shi alhali ya san ana aiki. Mai kemis ya zo ya wanke ciwon ya naɗe. Da yamma sai ga kafinta da sakata, aka kafa ta a ƙofar Baba ta waje. Manaja ya tara mu ya yi mana bayani, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Ya ce don lafiyar Baban ne, na ɗan lokaci ne, da zarar an gama aiki za a cire. Maigadi zai riƙa buɗe masa yana raka shi banɗaki, sauran lokaci ga bokiti an ajiye masa. Ya ce duk duniya ba wanda ya kai shi son mahaifinsa.

Dogo ya ce ko a mayar da shi cikin gida kafin a gama? Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofar kicin. Ta ce ɗakunan duk a sama suke, ga bene, ga tayil mai santsi, faɗuwar can ta fi ta nan muni. Ɗaki ɗaya ne a ƙasa, shi kuma na baƙi ne. Manaja ya ƙara da cewa ai Baba ma ba ya son cikin gida, ya fi sakewa a ɗakinsa. Na dubi ƙofar da ke rufe, na san yana jin mu sarai, amma ko tari bai yi ba.

Maigadi dattijo ne mai tsoron Allah, ya yi iya yinsa. Yakan buɗe wa Baba ya riƙe hannunsa su zaga farfajiyar gaba, tsakanin motoci, sau uku ko huɗu. Wata rana Hajiya ta dawo daga unguwa ta yi ta hon a bakin get ba a buɗe da wuri ba. Ta ce masa gadi aka ɗauke shi ko raino? Ta kuma ce ba ta son baƙi su shigo su tarar da tsoho da bandeji yana lalube jikin motoci, sai a ce ba a kula da shi. Daga ranar fitar Baba ta koma sau uku a yini, zuwa banɗaki da dawowa.

Ni ne na fi kowa kusa da shi, domin ɗakin injin a jikin bangonsa nake haɗa shi. Ina ɗaure bututu ina jin sa ta taga. Taku huɗu ne tsawon ɗakin, daga gado zuwa ƙofa, kuma bai haƙura ba, yana zuwa yana dawowa yana ƙirgawa, har ɗari biyu, har ɗari uku. Wani lokaci ya tsaya ya ce, Mai famfo, kana nan? In ce ina nan, Baba. Sai ya tambaye ni kwana nawa ya rage, in ce saura kaɗan. Ya ce to madalla, ya ci gaba da ƙirgensa.

Ban taɓa jin ya zagi ɗansa ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. In na ɗan taɓo maganar sai ya tare ni, ya ce yaron aiki ne ya yi masa yawa, mutane da dama ne a ƙarƙashinsa. Baba yana da 'ya mace da ke aure a nesa, takan kira shi a waya. Da kunnena na ji yana ce mata lafiya lau yake, ƙanenta yana gina wani abin mamaki a gida, sai ta zo ta gani. Bai ce mata a kulle yake ba.

Aka zuba kankare, aka yi filasta, aka shafa maganin hana yoyo. Kwana huɗu Hajiya ta yi tana zaɓen tayil, tsakanin shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske, har sai da aka jiƙa guda biyu aka ajiye a rana ta ga yadda za su yi a cikin ruwa. An yi shawara a kan fitilun ƙarƙashin ruwa, an yi a kan tsanin ƙarfe, an yi a kan irin ciyawar da za a dasa. Mai fenti ya zo ya shafe katanga fari fat, sawun hannun Baba ya ɓace. Duk wannan zaman shawarar, ba ranar da aka ce a zauna a yi ta hanyar tsoho.

Ni na kawo maganar shinge. Na zo da wani mai walda da na sani, ya auna, ya zana a takarda: ƙarfe ne iya ƙugu, ya kewaye ruwan, da 'yar ƙofa mai sakata. In an yi shi, Baba zai bi tsakanin katanga da shinge, hannu ɗaya nan ɗaya can, ko rufe ido mutum ya yi ba zai faɗa ba, balle shi da ya saba. Na ce wa Manaja, Yallaɓai, rigakafi ya fi magani, kuma aikin ba wani mai tsawo ba ne.

Hajiya ta karɓi takardar ta duba ta yamutsa fuska. Ta ce ita tafki ta ce a yi mata, ba garken awaki ba. Duk wahalar nan an sha ta ne don in mutum ya zauna a falo ya hango ruwa shimfiɗe ta ƙofar gilas, yanzu kuma a zo a gicciya mata ƙarafa? Ta ce yara ƙanana ake yi wa shinge, su kuwa nasu duk sun girma suna makarantar kwana.

"Baba fa, Hajiya?" na ce.

"Baba ai yana da sakata," in ji ta.

Na dubi Manaja ina jiran ya ce wani abu, uban nan dai nasa ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai duba, kuma ma yana da niyyar a yi wa Baba banɗaki a cikin ɗaki, kowa ya huta. Har yau ban ga bulo ɗaya na wannan banɗakin ba. Da muka fito na ce wa Dogo ni fa abin nan ya ishe ni. Ya ce in kama bakina, aiki ya kawo mu, gidan wani ba a yi masa shari'a. Na kama kuwa, don ina da iyali, kuma Manaja ya yi min alkawarin haɗa ni da abokansa masu son irin wannan aikin. Ga gaskiyar ke nan, ba zan yi mata ado ba.

Sai maganar ruwan wanke tace. Injin tafki yana da wata tukunyar yashi da ke tace datti, duk mako sai an juya ruwa an wanke ta, ruwan kuma da yawa yake fita, da ƙarfi. Na ce a haƙa masa rami nasa daban a can nesa. Manaja ya ce an gaji da haƙe-haƙe, an riga an dasa ciyawa, in sake shi a tsohuwar kwata kamar yadda na faɗa tun farko. Na san kwatar nan tsohuwa ce, na ga tsaga a jikinta da idona. Na shafa mata siminti sama-sama na ce Allah ya kiyaye.

Tanka shida aka juye, tafki ya cika ya yi shuɗi, gwanin kyau, ba zan hana shi ba. Ranar da aka gama na ce wa Manaja to sai a cire wa Baba sakata. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce da rami ne busasshe an kulle, yanzu da ruwa ya fi tsayin mutum a bakin ƙofarsa ne za a buɗe? Ya ce ko so nake in kashe masa uba? Washegari ma sai aka ƙara kwaɗo a kan sakatar, domin an ce Baba ya koyi zura cokali ta tsagar ƙofa yana ture ta.

Aka bar ni da zuwa duk mako in duba inji in zuba maganin ruwa. Mako na farko na ji ƙirge ta taga, amma sama-sama, domin injin yana gurnani a jikin bangon daga safe har yamma. Baba ya ce min kansa kamar ana daka a ciki, amma zai saba, ai ya kwana a ƙarƙashin mota tana aiki. Ciwon ƙwaurinsa bai rufe ba. Mai suga da ciwo sai a hankali, kuma mai kemis ɗin ya daina zuwa tun da aka ce ya fara bushewa.

Mako na uku na karɓi makulli a wurin maigadi na shiga ɗakin Baba. Bangon da ke kusa da kwata ya jiƙe har gwiwa, fenti ya kumbura, simintin ƙasa yana naso, tabarmarsa ta yi baƙi. Ga warin maganin ruwa, domin a ɗakin inji ake ajiye jarkokin, ga warin bokiti. Baba yana zaune a bakin gado da kumburi a goshi. Santsi ne ya kwashe shi shekaranjiya yana cikin ƙirgensa, ya buga kai da ƙofa, ya daɗe a ƙasa kafin lokacin buɗewa ya yi. Ya ce min yanzu ya ɗan dakata da tafiyar, sai ƙasan ta bushe. Na san ruwan wane ne, na san ta inda ya shigo, kuma na san ba za ta bushe ba.

Na tare Manaja a bakin mota na gaya masa komai, har da laifina. Ya ce subhanallahi, ya ce lallai za a gyara, amma ba yanzu ba, domin Hajiya na da baƙi a ƙarshen mako, ba za a farfasa wuri ba. Ya sa aka saya wa Baba takalmin roba da sabuwar leda aka shimfiɗa a ƙasa. Leda a kan laima kuwa santsi ta ƙara. Mako na gaba ya ce yana da tafiya. Na gaba da shi ya ce min, cikin fara'a, ai tsufa ne, duk tsoho yana son kwanciya, in daina ɗaga hankalina. Da na sake magana a karo na huɗu, Hajiya ta aiko maigadi ya gaya min sun sami wani kamfani da zai riƙa kula da tafkin, an gode.

Wata huɗu ban taka gidan ba. Ina tuna tsohon, ba zan ce ba na tunawa ba, amma tunawa ba ta buɗe ƙofa. Rannan da hantsi sai ga kiran Manaja. Ya ce in nemo mai waldan nan yau-yau, a zo a yi shinge. Ashe walima suka yi jiya, shugaban kamfaninsu ya zo da iyalinsa, ƙaramin ɗansa ya zame a bakin ruwa, da ƙyar aka cafko rigarsa. Yaron ko kurɓa bai yi ba. Amma matar shugaban ta ce, a gaban mutane, ita ba ta taɓa ganin tafki a gida ba shinge ba.

Takardar nan ta mai walda tana nan a aljihun motarsa, ya fito da ita a ninke yadda ya sa ta. Ba a canza ko layi ɗaya ba. Hajiya da kanta ta tsaya a kanmu tana cewa a yi shi da kyau, ai ƙarfe baƙi ma ado ne, yanzu shi ake yayi. Muka fara da safiyar Talata, kafin la'asar ɗin Laraba an ɗaura 'yar ƙofa, an shafa fenti.

Tun ranar farko na lura ƙofar Baba a buɗe take, ba kwaɗo, amma kunya ta hana ni leƙawa. Na tambayi Manaja, ya ce ai sun daɗe da daina kulle shi. "Ba ya zuwa ko'ina yanzu," in ji shi, "ya natsu." Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin an shawo kan matsala.

Da aka gama na wanke hannu na shiga da sallama. Ya gane muryata nan take, ya ce Mai famfo, ashe kana duniya, ina Falwaya? Yana kwance, ya rame har kafaɗun nan sun zube. An lulluɓe masa ƙafafu da zane, ƙwaurin an naɗe shi da tsumma, kuma warin da ke tashi ba sai an gaya wa mutum ba. Na ce masa albishir, Baba, an yi shinge, hanyarka ta dawo, daga bakin ƙofa har banɗaki, har ka zagaye in kana so.

Ya ce in tayar da shi. Na zaunar da shi, na sauko masa da ƙafafun ƙasa, sun zama kamar sillan kara, ba nama ba ƙarfi. Ya dafa kafaɗata ya yunƙura, gwiwoyin suka lanƙwashe. Ya sake yunƙurawa, ya cije leɓe, gumi ya keto masa, suka sake lanƙwashewa. Sau uku yana gwadawa. A na ukun ya zauna yana haki, ya shafa cinyarsa ya ce ba ya ma jin hannun nasa a kai.

Ya ce to in kai shi ya taɓa abin. Na ɗauke shi cak, wallahi buhun siminti ya fi shi nauyi, na fito da shi bakin ƙofa. Taku biyu ne daga ƙofar zuwa shingen. Ya miƙa hannu ya kama ƙarfen, ya bi shi da tafi, ya laluba mahaɗar walda da ɗan yatsa, ya girgiza shi ya ji ba ya motsi. Ya ce aiki ya yi kyau, tsayin ma daidai hannu. Ta ƙofar gilas ina hango Manaja da Hajiya a falo, tana ɗaukar shingen hoto da waya, za ta tura wa matar shugaba.

"Mai famfo," ya ce, bai saki ƙarfen ba, "kwana nawa kuka yi kuna yin sa?"

Na so in yi masa ƙarya. Na so in ce wata guda, in ce ƙarfen daga nesa aka yi odarsa, in ce komai. Bakina ya ƙi.

"Kwana biyu, Baba."

Injin yana ta gurnaninsa a bayanmu. Wannan karon bai ce yaron aiki ne ya yi masa yawa ba.

"Kwana biyu," ya maimaita a hankali. Sannan ya saki ƙarfen ya ce in mayar da shi ciki, in ja masa ƙofar.